Ba "Wani Direba" Ba Ne Sunana

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga 'yata Ummi. Bayan gaisuwa da sa albarka, ina roƙon Allah Ya tsare ki a tafiyar nan ta ranar Asabar, Ya ɗaga jirginku lafiya, Ya sauke shi lafiya, Ya haɗa ki da mutanen kirki a ƙasar da ba mu da ko maƙwabci a cikinta. Allah Ya tsare miki addininki da lafiyarki da mutuncinki. Amin.

Za ki yi mamakin samun wasiƙa daga mutumin da ƙofar ɗakinsa take kallon taki. Ni ma na yi mamakin kaina. Sau uku cikin makon nan ina zuwa bakin ƙofarki, sau uku ina wucewa kamar mitar wuta na zo dubawa. Shi ya sa yau na taho gareji tun da hantsi, na kori kowa daga ofis, na ce ko Minista ne ya zo a ce masa ba na nan.

Bari in fara da abin da kika riga kika sani. Na sauka a garin nan na Abuja da jakar leda ɗaya da takardar sakandaren da ni kaina ba na so a buɗe ta a gaban mutane. Na zauna a Karmo, mu biyar a ɗaki guda, idan ruwan sama ya sauko sai mu naɗe tabarma mu tsaya a tsaye. Na yi dakon siminti lokacin da ake gina unguwannin da yanzu masu gadi suke tambayata wa nake nema. Na wanke motocin mutane. Tuƙi da ido na koye shi, ba wanda ya zaunar da ni. Shekara bakwai ina jan motar wasu kafin na sayi tirelata ta farko, tsohuwa, wadda sai an lallaɓa ta take tashi. Yau ina da tara, da garejin nan na Gwagwalada, da gidan Lugbe da kika girma a ciki. Na kai uwata Makka, wadda kika ci sunanta. Na sa ku biyar a makaranta, ba a taɓa koro ɗayanku ba. Ba ni da kawu a ma'aikata, ba ɗan siyasar da ya taɓa miƙo mini kwangila, ban gaji komai ba ban da sunan ubana. Ban faɗi wannan don ki yaba mini ba. Na faɗa ne don ki auna yadda abin da zan gaya miki ya tsaya mini a ƙirji.

Ranar Litinin na ga littafinki a kan teburin mahaifiyarki, mai baƙin bangon nan da rubutun ruwan gwal, wanda kika kammala jami'a da shi, wanda kuma aka ce shi ne ya buɗe miki ƙofar karatun da za ki tafi yi. Na ɗauka. E, ni na ɗauka, ki daina tuhumar ƙannenki. Turancina ba na jami'a ba ne, amma ya ishe ni in gane tambayar da kika sa a gaba: jirgin da zai yi doguwar tafiya, idan ya yada zango a hanya ya sha mai, ya fi sauƙin mai da kuɗi, ko kuwa gara ya cika cikinsa tun daga gida ya miƙe bai tsaya ba? Na buɗe shafin godiya. Kin gode wa Allah, daidai ne. Kin gode wa mahaifiyarki, ta cancanta. Kin gode wa malaminki da ƙawayenki biyu, har da mai shagon da ya buga miki takardun. Na karanta har ƙasa, na juya bayan shafin ko ya ci gaba. Fari fat. Sai a babi na farko na tsinci kaina. Kin rubuta cewa wani direban tirela ya taɓa gaya miki cewa mai ma shan mai yake yi.

Wani direba, Ummi.

Na san sunana yana nan a bango, a bayan naki. Wannan ba ke kika zaɓa ba, tun ranar suna aka liƙa miki shi. Inda aka bar miki zaɓi, ga abin da kika zaɓa. Da na kai ƙara wurin mahaifiyarki, ko ɗaga kai ba ta yi daga tsintar wake ba. Ta ce, "Kai da kullum kake cewa ba ka bukatar kowa, me za ka yi da shafin godiya?" Na fita na bar mata falon.

Kwana biyu ina fushi. A na uku na gane abin da ya fi fushin ciwo. Labarin da kika ɗora littafinki a kansa rabi ne. Rabin da na fito da kyau a cikinsa na ba ki, shi nake bayarwa a falo tun kina firamare duk sanda baƙi suka zo. Ragowar ban taɓa faɗinsa a gida ba. Ba zan bari ki tsaya a gaban malaman can da rabin labari ba, su jefo miki tambaya ki rasa amsa saboda girman kan ubanki. To ga shi duka, ki yi haƙuri da rubutuna, hannun sitiyari ne.

Lokacin tirela ɗaya gare ni, ni ne mai ita, ni ne direbanta. Doya nake ɗauka daga kasuwar Gwagwalada zuwa Legas, yawanci ta wata 'yar kasuwa ce mai suna Madam Laraba, wadda mata da yawa suke tara kayansu a hannunta ta tura musu. A shekarun nan ana fama da wahalar gas, man da manyan motoci suke sha. Sai ka ga layi ya miƙe ya sha kwana ya sake miƙewa, ka wuni kana matsawa taku biyu-biyu. Direbobi suka fara ƙara wa motocinsu tanki. Ni kuwa kin san ni, ba na yin abu daidai da na mutane sai na zarce su. Na je wurin Bitrus mai walda a Karmo, mutumin Filato ne, layinmu ɗaya tun zuwana garin. Na ce ya liƙa mini tanki na biyu wanda ya fi na kamfani girma, ya kuma yi mini gurbin duro huɗu a gaban bodi. Burina in sha mai a Abuja, in je Legas in dawo ban gaisa da gidan mai ko ɗaya ba. Bitrus ya zagaya motar, ya leƙa ƙarƙashinta, ya ƙwanƙwasa sifirin, ƙarfen da yake ɗauke da nauyin motar, da guduma, sannan ya ce, "Oga Sabo, wannan mota tsoho ne fa. Za ka sa shi ɗaukar abincinsa har da na jikokinsa?" Na ce masa aikinsa walda, nawa tuƙi, kowa ya tsaya a nasa.

Tun a lodin farko abin ya fara nunawa. Inda durorin suka zauna wurin doya ne, sai da aka bar wani tsibi a ƙasa. Madam Laraba ta dube ni ta tambaye ni ko doya ta ba ni in kai Legas ko gas. Na yi dariya, na ce idan sauran direbobi suna layi ni ina sauke kaya za ta gane. Muka kama hanya. Motar tana nishi a kowane hawa, giyar da nake hawa da ita a da ta ƙi, sai na sauko ƙasa. Hanyar nan na san ta kamar tsakar gidanmu, na san inda allurar mai take zama idan na isa Lokoja. Wannan karon ta wuce nan ta yi ƙasa. Na ɗauka allurar ce ta lalace. A tafiya ta biyu haka, ta uku haka. Abin da ya fi ba ni kunya, sai in dawo Gwagwalada da duro ɗaya da rabi ban taɓa ba. Na kai shi yawon Legas ne kawai na dawo da shi, motar kuma ta sha mai wajen ɗaukarsa zuwa da dawowa. A tafiya ta shida sifirin ya karye bayan Abaji, ga tukwanen matan Kwali a saman lodi, waɗanda aka ba ni amana in sauke wa mai saye a Legas. Motar ta kwanta gefe ɗaya, na ji ƙarar tukwane kamar ana zubar da tsakuwa.

Abin da nake so ki ɗauka a nan shi ne, ba wahalar gas ce ta sa na cika durorin nan ba. Tanki ɗaya da ɗan ƙari ya ishe ni. Sauran na cika ne don a ce Sabo ba ya layi. Duk abin da za ki ɗauka a rayuwa, ki tambayi kanki ko bukata ce ta ɗora miki ko son a gani. Na bukata kada ki rage ko cokali, ko da za a yi miki dariya. Na son a gani kuwa ke za ki yi dakonsa, kuma wani abu mai amfani ne zai rasa wuri saboda shi. Haka nake gaya wa mahaifiyarki game da akwatinki, da ta cika da yaji da daddawa da kuka kamar can ba a cin abinci, amma ba ta saurare ni ba, ni ma ban matsa ba.

To, nan ne labarin falo yake tsayawa. Ubanki ya gano mai yana shan mai, ya yanke tanki, ya yi arziki, baƙi su ce Alhaji akwai kai. Ban taɓa yi muku ƙarya da baki ba. Da shiru na yi ta.

Na tashi na zagaya gareji na dawo. An kira ni a kan wata taya, ban ma ji abin da aka ce ba.

Ga ragowar. Na koma wurin Bitrus a fusace, na ce ya cire durorin, ya yanke tankin da ya liƙa. Ya ce durorin dai a cire, amma tankin a bar shi, ba dole ne in cika shi kullum ba, ranar da hanya ta yi tsanani zan neme shi. Na ce a yanke. Na tashi daga wannan bango na koma wancan. Na kafa wa kaina doka: rabin tanki zan tashi da shi, mota ta yi sauƙi, doya ta ƙaru, in riƙa sha a hanya. Har na samo wani gidan mai a bayan Lokoja, sai an bar babban titi an shiga ciki, wai nasu ya fi araha. Tafiya uku abin ya yi kyau. Na riƙa zama a tasha ina yi wa direbobi wa'azi, ina ce musu masu tanki biyu jakunan gidan mai ne.

A ta huɗu na isa na tarar da layi. Ba ni da man da zai kai ni wani wuri, dole na bi. Na wuni. Da aka zo kaina aka zuba mini, ashe an gauraya shi da kananzir da ruwa. Ban yi nisa ba injin ya fara tari, ya mutu a inda ba gari ba ƙauye. Kwana biyu kafin a samo makaniki da kayan gyara. Sabuwar doya ce, an rufe ta da tamfol, rana tana dukanta. Da na isa Legas kasuwa ta riga ta ci, masu saye sun watse, abin da aka sauke kuma rabinsa ya fara wari.

Madam Laraba ba ta yi mini ihu ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Da na dawo ta sa aka kawo ɗaya daga cikin doyoyin da aka mayar, ta yanka ta da wuƙa a gabana, cikin ya yi baƙi. Ta ce, "Ba nawa ba ne ni kaɗai. Na mata goma sha ɗaya ne. Ka zo ranar kasuwa ka faɗa musu da bakinka abin da ka rage a gas." Na ce zan zo. Ban je ba, Ummi. Na aika da abin da na iya, amma ƙafata ba ta je ba. Ba ta sake ba ni lodi ba, kuma har yau idan zan shiga kasuwar nan ta ƙofar 'yan hatsi nake bi.

Ki riƙe wannan da kyau, don shi ne babu a littafinki yadda ya kamata. Tsayawa ma tana da nata cin. Ka bar titi ka shiga ciki, mai ne. Ka taka birki ka tsayar da mota mai lodi, sannan ka sake tayar da ita daga giya ta ɗaya, nan ne take shan da ya fi na gudu. Ga lokaci. Ga abin da ba ka sani ba yana jiranka a wurin tsayawar. Kuma babban abin, wanda ya ci ribar ragin daban, wanda ya ɗauki asarar daban. Ni na rage gas, matan nan suka rasa doya. Duk sanda kika zo auna sauƙi, ki tambaya sauƙin wa, kuma a wuyan wa aka sauke nauyin. Idan kuma kika ɓata wa mutane, ki je da ƙafarki. Aike ba ya wanke wannan.

Jiya na yi abin da ban taɓa yi ba. Kin san Kyaftin Yakubu, tsohon matuƙin jirgin nan da muke sallah masallaci ɗaya a Lugbe, wanda muka shekara ba ma ga maciji saboda inda yake ajiye motarsa. Bayan Azahar na tare shi da littafinki a hannu, na ce ya duba mini. Ya kalle ni kamar bai gane ni ba. Muka zauna a barandar masallacin, ya sa tabarau, ya yi ta juya shafi yana gyaɗa kai, ni kuma ina ta gyara zama kamar ni ake yi wa jarrabawa.

Ya ce lissafinki daidai ne. Ya ce jirgi ba kamar mota ba ne. Mota ƙasa ce take riƙe da nauyinta, jirgi kuwa duk abin da yake cikinsa sai ya riƙe shi a sama da ƙarfinsa, awa bayan awa. Idan zai yi tafiya mai nisa ƙwarai, babban kaso na nauyinsa a lokacin tashi mai ne, don haka wani man ana ƙona shi ne kawai don a yi dakon man da za a sha a ƙarshen tafiya. Idan aka raba tafiyar biyu, ya tashi da sauƙi, zai iya rage sha. Har ya ƙara da cewa maganata ta fi zama gaskiya a sama fiye da a ƙasa, wai a tirelata abin da ya fi cutar da ni doyar da na bari a kasuwa ce da sifirin da na karya, ba abin da allura ta nuna ba. Shekara da shekaru ina alfahari da maganar da ta fi dacewa da abin da ban taɓa tuƙawa ba.

Sai ya juyo ɗaya gefen, ina jin sa kamar yana ba da labarin gidan man bayan Lokoja. Ya ce babu inda jirgi yake shan mai kamar wajen tashi da hawa sama, kuma duk zango ƙarin tashi ne guda. Duk sauka sai an biya filin jirgin. Taya tana ci, birki yana ci, jikin jirgin ma ana ƙirga masa sau nawa ya tashi ya sauka kafin a shiga da shi gyara. Matuƙa da ma'aikata suna da awoyin da doka ta yanka musu, idan zango ya ja lokaci sai an nemo wasu. Filin da za a sauka sai ya kasance a kan hanya, idan sai an karkata an neme shi, ragin ya tafi. Farashin mai ba ɗaya ba ne a ko'ina, wani lokaci ma da gangan ake ɗebo ƙari daga inda ya fi araha. Jirgin da aka ƙera don dogon zango kuma ƙashinsa mai nauyi ne, ko an rage masa mai nauyin jikinsa yana nan, ragi na sosai sai an yi da jirgin da aka ƙera don matsakaiciyar tafiya. Ga fasinja, mai jinya da mai goyo da mai sauri, wanda ba a tambaye shi ba. A gajeriyar tafiya kuwa, ya ce, maganar ma ba ta taso ba.

Na gaji da jerin, na ce masa shi dai ya faɗa mini, e ko a'a. Ya cire tabarau ya ce, "Alhaji, da amsar ɗaya ce, da ba su ba 'yarka gurbin karatu ba. Mai yakan ragu idan tafiyar ta yi nisa sosai. Kuɗi kuwa ba kullum ba." Sannan ya nuna mini ƙarshen littafin, ya ce duk wannan gefen kin taɓa shi, amma a rabin shafi kika dunƙule shi, kuma ta nan za su shigo miki. Na san dalilin da ya sa ya zama rabin shafi. Wanda ya ba ki labarin ne ya yanke shi.

Saura kuskure na uku, shi ne ya fi wuyar rubutawa, na canza biro sau biyu.

Kin tuna ranar da kika shigo falo da murna kika ce an amince da abin da za ki yi bincike a kai? Ina tare da baƙi, abokan harka. Na yi dariya. Na ce wannan tambayar na amsa ta tun ba a haife ki ba, da kin zo gareji da na ba ki amsa a tsaye, ba sai an ɓata shekara ba. Suka yi dariya don ni na yi. Kika tsaya da takarda a hannu, kika ce, "To, Baba," kika fita. Tun daga ranar gaisuwarki ta koma ta baƙo, kin durƙusa yadda ya kamata, idonki a ƙasa, ba ƙari ba ragi. Ina so ki zauna a garejin nan bayana, wannan gaskiya ne, kuma na ga jirgi zai ɗauke mini ke. Amma ba shi ne ya sa ni dariyar ba. Na ga kin ɗauki maganata za ki kai ta inda za a auna ta, ni kuma na san rabi ce.

Ranar da kika kare littafin a gaban malamai kuma, an gaya miki aiki ne ya riƙe ni. Ba aiki ba ne. Daga garejin nan zuwa makarantarku ko shayi ba zai huce ba. Na sa babbar riga, na sa hular da nake zuwa ɗaurin aure da ita, na tuƙo kaina har bakin get. Mai gadi ya tambaye ni da Turanci wane sashe za ni. Na san amsar. Amma sai na hango kaina a cikin ɗakin, wani farfesa ya juyo ya ce ga mahaifinta, ya yi mini tambaya, in buɗe baki Turancin tasha ya fito a gabanki da ƙawayenki. Na ce wa mai gadin na yi ɓatan hanya ne. Na juya, na dawo nan, na zauna da babbar riga a kan wannan kujerar har La'asar.

Don haka ga nasihata, daga wanda ya biya ta da tsada. Za ki je inda za a yi magana ba ki gane ba, a yi dariya ba ki san dalili ba. Ki shiga ɗakin duk da haka. Ki ce ban gane ba, a sake faɗa. Kunyar minti ɗaya ce. Ni na guje ta, ga shi na kusa shekara ina ɗauke da wadda ta fi ta. Kada ki yi wa abu dariya don ya ba ki tsoro. Kuma ki saurari wanda yake ƙarƙashin mota. Sau biyu Bitrus yana gaya mini gaskiya, sau biyu ina ƙi don shi mai walda ne. A inda za ki akwai irinsa, masu zuba mai, masu duba taya, masu ɗaga kaya. Ki gaishe su, ki tambaye su, sun san abin da takarda ba ta sani ba. Bitrus ɗin ne ma ya zo har bayan Abaji da injin waldarsa a bayan akori-kura ya tayar da ni, bai ce mini ai na gaya maka ba. Wannan ma ban taɓa sa shi a labarin falo ba.

An ce tikitinki ma akwai zango a ciki, za ku sauka a wata ƙasa ku jira awoyi kafin ku wuce. Ki nemi wurin sallah, ki ci abinci mai zafi, kada ki karɓi jakar kowa ko da tsohuwa ce ta roƙe ki. Ki kira mahaifiyarki daga can, don na san ba za ta zauna ba sai ta ji muryarki. Idan ina kusa zan ji. Tun da aka sa ranar nan, duk jirgin da ya wuce ta saman gidanmu sai na ɗaga kai, ni da na shekara ashirin a Lugbe ban kula da su ba.

Ranar Asabar ni zan tuƙa ki filin jirgi, na riga na gaya wa direba ya huta. Ba sai kin yi magana a mota ba idan ba ki so. Littafin zan mayar kan teburin mahaifiyarki da wasiƙar nan a cikinsa.

Allah Ya yi miki albarka, Ya ba ki ilimi mai amfani, Ya sa ki fi ni ta kowace fuska. Ya kare ki daga sharrin hanya da sharrin mutum da sharrin zuciya. Ya dawo mana da ke muna raye. Na yafe miki duk abin da kika yi mini, wanda na sani da wanda ban sani ba. Nawa laifin kuma na bar miki, ke kika san lokacin yafe shi. Wassalamu alaikum.

Abu ɗaya ne ba roƙo ba, umarni ne. Idan kika sake rubuta littafin a can, ki goge "wani direba". Ban ce ki sa ni a shafin godiya ba, ban ci wannan ba tukuna. A babi na farko nake so, ki rubuta shi cikakke: Alhaji Muhammadu Sabo Ilyasu, direban tirela, Gwagwalada. Ki sa labarin duka biyun a ƙarƙashinsa, kada ki rage komai don ki rufa mini asiri. Idan malamanki suka tambaye ki wane ne wannan da ya yi kuskure sau biyu a hanya ɗaya, ki ɗaga kai ki ce musu ubanki ne.